Kada rashin kuɗi ya rufe makarantun Falasɗinawa a Siriya

Kafin yaƙin basasar Siriya ya ɓarke a 2011, sansanin Yarmuk da ke kudancin Damaskus na ɗauke da Falasɗinawa kusan 160,000. Ƙawanyar da aka yi masa, shigar mayaƙan IS a 2015 da luguden wutar 2018 sun mayar da shi kufai, har da makarantunsa.

Tun bayan faɗuwar gwamnatin Bashar al-Assad a Disambar 2024, iyalai na ƙara komawa gidajensu da suka rushe. Galibin 'ya'yansu sun dogara ne da makarantun UNRWA, hukumar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 1949 domin kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu.

Matsalar ita ce kusan duk kuɗin hukumar gudummawar ganin dama ce. A Janairun 2024 ƙasashe da dama sun dakatar da tallafi bayan Isra'ila ta zargi wasu ma'aikatanta a Gaza da hannu a harin 7 ga Oktoba. Yawancinsu sun dawo, amma Amurka, wadda ta fi kowa bayarwa a baya, ba ta dawo ba. Me ya haɗa ɗalibin Yarmuk da wannan hukunci?

Buhun gari zai kashe yunwar yau, amma yaron da ya rasa shekarun karatu da wuya ya maido su. Don haka wajibi ne ƙasashen ƙungiyar OIC, musamman masu arzikin man fetur, su ware wa albashin malamai da gyaran ajujuwa kaso tsayayye duk shekara. Allah-wadai a taro ba ya biyan malami.