Kwaɗon La'asar Da Tuwon Dare: Ina Cimar Talaka Ta Tafi?

A wannan makon zan ajiye zancen 'yan siyasa gefe guda, in leƙa da ku madafa, domin a yau babu abin da ya fi damun magidanci irin abin da za a ɗora a murhu idan rana ta yi sanyi. Duk wanda ya tashi a Birnin Kebbi ko Argungu a shekarun 1980, tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, zai tuna cewa tsakanin la'asar da lisha cima biyu ake yi a gidan talaka: ɗan abin taɓawa da ake tarbar yara da shi in sun taso daga makarantar allo, sai kuma tuwon dare. Dukansu ba su cin kuɗi, kuma dalilin arharsu ne nake so mu duba.

Abin taɓawar la'asar a gidanmu yawanci kwaɗo ne. Da damina Inna kan aike mu bayan gida mu tsinko tafasa ko rama, ko mu karyo zogale daga bishiyar da ke jikin danga. A dafa ganyen a matse, a daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, a yanka albasa, a cakuɗa a babbar ƙwarya. Ƙulin kuwa abin da ya saura ne bayan matan unguwa sun matse man gyaɗa, na 'yan kwabbai ya ishi gida. Da kaka sai dafaffen rogo da dankali da gyaɗa su karɓi fage. Da rani, idan ganye ya yi wuya, sai a koma ga ƙanzo. Duk ɓawon tuwon da ya kama gindin tukunya Inna kan kankare shi ta shanya, ta adana a buhu. Ranar da babu, a jiƙa shi ya yi laushi, a kwaɗa da ƙuli, yaro ya ci ya sha ruwa ya fita wasa. Shayi da burodi kuwa sai ranar da Baba ya karɓi albashi, ko wani ya kwanta rashin lafiya.

Tuwon dare shi ne babban zance. A wurare da dama na ƙasar Hausa tuwon shinkafa abincin Sallah ne ko na saukar baƙo, amma mu 'yan fadamar gulbin Rima mun saba da shi, ba don muna da arziki ba, sai don yadda ake sarrafa shinkafar a cikin gida. Mata su yi gumi, su shanya, su casa a turmi, su sheƙe. Tsayayyar ƙwaya ta tafi kasuwa ko a ajiye ta don baƙo, tsakin da ya karye kuwa shi ne rabonmu, da shi ake tuƙa tuwo ko a yi dambu. Miyar ba ta wuce sure, wadda mutanen gabas ke kira yakuwa, ko kuka, ko busasshiyar kuɓewa. Daddawar kalwa ko ta batso ce ke ba ta ƙamshi, in an samu ɗan man shanu daga wajen Bafulatanar da ke kawo nono a ba ta gero, to ranar an ci daɗi.

Sai kifi. Duniya ta san Argungu da giwan ruwan da ake fitowa da shi daga Matan Fada a ranar bikin kamun kifi, bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Amma kifin da ya raine mu ba ya shiga hoto. 'Yan ƙananan ƙarfasa ne da kurungu da gutsattsarin bandar tarwaɗa, waɗanda masunta ke sayarwa kashi-kashi da yamma. Idan mun je hutu wajen Kaka a Argungu nakan ga ta daka busasshen kifin nan har da ƙayarsa, ya zama gari, sannan ta zuba a miya. Ta haka babu yaron da zai ce an ba wani tsoka an hana shi, kowace loma da nata rabo. Masana abinci na yau suna cewa cin ƙananan kifaye da ƙashinsu na gina ƙashin yaro. Kaka ba ta shiga aji ba, adalci kawai take nema tsakanin jikoki goma.

Yadda ake cin ma wani tattali ne. Yara sa'o'in juna su kewaye akushi ɗaya, babba ba ya rigan ƙarami tsame hannu da rabon da ya fi nasa. Magidanta su fito ƙofar gida bayan magariba, kowa da kwanonsa, a yi ciyayya. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ranar zai zauna cikinsu ya ƙoshi, babu mai tambayarsa ina nasa kwanon. A ware na almajiri, abin da ya rage a rufe da faifai, da safe ya zama ɗumame.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna muka baro. Mun ga farin 1984, mun ga tsadar da ta biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, kuma arhar wancan tuwo a kan gadon bayan iyayenmu mata take, su ne da turmi tun asuba, su ne da hayaƙin itace har dare. Abin da nake cewa shi ne, a wancan zamani kaso mafi yawa na abin da ke cikin tukunya ba da kuɗi ake samo shi ba. Bayan gida ya ba da ganye, fadama ta ba da tsaki, gulbi ya ba da kifi, maƙwabci ya toshe giɓin da ya rage. Kasuwa gishiri da kanwa da manja kawai ake nema a cikinta.

Waɗannan madogarai su ne suka zame ɗaya bayan ɗaya. Tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a 1991 gari ya cika, an shafe tsakar gida da siminti, mai haya ba shi da wurin dasa zogale. Masunta kan koka cewa kifi ya ragu tun da madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo suka sauya yadda ruwa ke malala a fadama. Shinkafa kuwa ta samu ɗaukaka. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, ga manyan injinan casa irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Manoma sun ga kuɗi, matasa sun samu aiki, wannan abin godiya ne. Sai dai shanshera yanzu daga gona take hawa mota, don haka tsakin da ke saura a turmin gida ya zama haja, sai ka sa kuɗi ka auno mudu. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Gidan da komai nasa sai an sayo shi ne wannan guguwa ta fi kayarwa. Abin taɓawar yaranmu a yau taliyar leda ce da burodi, alhali mafi yawan alkamar da ake yin su da ita daga ƙasashen waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala.

Ba za mu iya mayar da gulbi yadda yake ba, amma akwai abin da ke hannunmu. Zogale da rama da sure suna fitowa ko a cikin buhun da aka cika da ƙasa. Manomi ya daure ya rage buhu ɗaya ko biyu na shanshera a gida kafin ɗan kasuwa ya kwashe. Iyaye mu koya wa 'ya'yanmu, maza da mata, kwaɗo da dambu da ajiyar ƙanzo, mu daina nuna musu cewa cin su alamar tsiya ce. Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu kuma, ga aikin bincike a ƙofar gida: ku zauna da tsofaffin mata ku rubuta yadda suke haɗa waɗannan cimaka da ma'auninsu, tun suna raye. Magidanta mu farfaɗo da ciyayya a unguwanninmu, domin a cikin kowane layi yau akwai mai kwana da yunwa wanda kunya ba za ta bar shi ya roƙa ba.

Allah Ya yalwata mana, Ya jiƙan iyayenmu da suka ciyar da mu da ɗan abin da ke hannunsu. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.