'Yan sikawut da addini: abin da ƙasar Yawuri ke buƙata daga matasanta

A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya kife a kusa da garin Wara da ke Ƙaramar Hukumar Ngaski, inda mafi yawan fasinjojin suka rasa rayukansu. Makonni uku bayan haka, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, suka yi awon gaba da ɗalibai da malamai, kuma sai a 2023 'yan matan da suka rage a hannunsu suka samu kuɓuta. Waɗannan masifu biyu sun shafi Musulmi da Kirista baki ɗaya, kuma sun bar mana tambayar da har yau ba mu amsa ba: wace irin tarbiyya muke ba yaran bakin Tafkin Kainji, da za ta sa su iya ceton rai, su kuma riƙe amanar juna a ranar wahala?

Amsar da nake son mu duba ita ce ƙungiyar sikawut. Robert Baden-Powell ne ya kafa ta a Ingila a 1907, ta iso Najeriya a 1915, kuma a tsaunukan Shere da ke Jos aka yi babban taron 'yan sikawut na Afirka na farko a 1977. Wasu iyaye a Arewa na yi mata kallon gadon Turawan mulkin mallaka ko na mishan. Sai dai alkawarin da yaro ke ɗauka ranar shigarsa ya fara ne da sauke haƙƙin Ubangijinsa, sannan na ƙasarsa da na jama'a, kuma tsarin ƙungiyar ya nemi kowa ya bi addininsa da gaske, ya kuma girmama na abokinsa. Indunisiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, ita ce ta fi kowa yawan 'yan sikawut. Marigayi Sarki Abdullah na Saudiyya na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin shirinta na manzannin zaman lafiya da aka ƙaddamar a 2011, haka kuma Ahmad Alhendawi, ɗan ƙasar Jodan, ya riƙe muƙamin babban sakatarenta na duniya daga 2017 zuwa 2024.

Masu tsoron kada a raba yara da addini suna da hujjar da za su nuna, domin a 2014 reshen Birtaniya ya fito da wani alkawari na daban domin waɗanda ba su yarda da Allah ba. To amma kowace ƙasa da ƙungiyarta, kuma abin da ya dace da Landan bai zama dole a kan Shanga ba. A nan, uba ba zai saki ɗansa ya kwana a sansani ba sai ya tabbata zai yi salla a kan lokaci, ko zai samu zuwa coci ranar Lahadi.

Ƙasar Yawuri ta fi wurare da yawa buƙatar wannan. Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukawa da Hausawa da Fulani sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya, kuma tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka tashi dubban mutane daga tsibirai da bakin kogi zuwa sababbin matsugunai, cuɗanyar ta ƙaru. Amma dubi yadda muke tara matasa: masallatai na da 'yan agajinsu na Jama'atu da Izala da Fityanu, coci-coci na da Boys' Brigade. Dukansu suna aikin alheri, sai dai kowa a cikin gidansa yake yi. Yaro zai iya girma yana sanye da kaki, yana fareti, bai taɓa cin tuwo a kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Masu iya magana sun ce sabo turken wawa, amma rashin sabo shi ke sa jita-jita ta yi saurin kama wuta. Yaron da abokinsa Kirista ya tsare masa tanti har ya idar da sallar Asuba, da wuya wani ya zuga shi ya jefi wannan abokin.

Abin takaici shi ne, a makarantu da dama harkar sikawut ta koma fareti kawai a ranar yara da ranar 1 ga Oktoba. Ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kebbi ta farfaɗo da ita a makarantun Yawuri da Ngaski da Shanga, a koya wa yara iyo da agajin gaggawa da amfani da rigar kariya a ruwa, a sa Sarkawa masu sanin tafkin cikin masu koyarwa. A kuma gindaya sharuɗɗa a fili: kowace runduna ta samu jagora Musulmi da Kirista inda akwai mabiya biyun, a ware lokacin ibada, a hana wa'azin jawo wani zuwa wani addini, 'yan mata kuma su kasance ƙarƙashin malamai mata. Sansani kuwa a yi shi cikin gari, inda akwai tsaro.

Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, malamin jami'a ne tun kafin hawansa gadon sarauta a 1999, don haka ya san darajar tarbiyya. Idan fada ta kira limamai da fastoci da shugabannin makarantu suka zauna kan wannan batu, iyaye za su saki jiki. Bikin Rigata ma dama ce ta nuna wa jama'a abin da yaran suka koya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.