Araha Ba Ta Ado A Wajen Sayen Batirin Kwamfuta

A ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, batiri shi ne ran kwamfutar tafi-da-gidanka. Ɗalibi da ma'aikaci da ɗan kasuwa duk da shi suke dogara idan an ɗauke wuta. Saboda haka duk ranar da ya mutu, mai shi yakan garzaya kasuwa ya nemi wani a madadinsa, kuma abin da akasarin jama'a ke fara tambaya shi ne wanne ya fi araha. A ganinmu wannan ganganci ne da dukiya, wani lokaci ma har da rai.

Batirin da ke cikin kwamfutoci da wayoyin hannu na yau na sinadarin litiyom ne, wanda kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fara fitarwa kasuwa a shekarar 1991. Amfaninsa shi ne yana tara wuta mai yawa a ɗan ƙaramin jiki. Haɗarinsa kuwa, ruwan sinadarin da ke cikinsa mai kamawa da wuta ne. Don haka ake sanya wa batirin kirki wata 'yar na'ura mai tsaro, wadda ke yanke caji idan ya cika ko ya ɗau zafi fiye da kima. Masu yin jabu kuwa a nan suke rage kuɗi, wasunsu ma tsofaffin ƙwayoyin batiri suke tattarawa su rufe da sabon murfi.

Kada wani ya ɗauka wannan tsoratarwa ce kawai. A shekarar 2006 kamfanin Dell ya janye batiran kwamfuta fiye da miliyan 4 da Sony ya ƙera masa, saboda wasunsu sun kama da wuta. Haka kuma a shekarar 2016 kamfanin Samsung ya dakatar da wayarsa Galaxy Note 7 ɗungurungum a kan irin wannan matsala. To, idan manyan kamfanoni masu ɗakunan gwaji za su yi tuntuɓe haka, ina ga kayan da ba a san maƙerinsa ba, balle a kama shi da laifi?

Shawararmu ga mai saye ita ce ya duba lambar tsohon batirinsa da ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinsa, ya tabbata sabon ya dace da su, sannan ya karɓi rasit da takardar garanti. Ɗan kasuwar da ya ƙi ba da garanti ya riga ya faɗi matsayin kayansa.

Amma rigakafi ya fi magani. Kowane batiri yana da iyakar kwanansa, domin yawancinsu sukan fara rauni bayan an cika su an ƙarar sau 300 zuwa 500, sai dai kulawa tana ƙara musu kwana. Babban abokin gabarsu shi ne zafi. Kamfanin Apple yana gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana iya rage ƙarfin batiri har abada, alhali kuwa a Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. Bai kamata a bar kwamfuta cikin mota a rana ba, ko a ɗora ta a kan katifa inda kafofin shan iskarta za su toshe.

Akwai kuma wata tsohuwar al'ada ta barin batiri ya mutu murus kafin a sa masa caji. Wannan ta samo asali ne daga batiran nikel na dā, amma na litiyom cutar da shi take yi. Abin da ya fi masa shi ne a riƙe cajinsa tsakanin kashi 20 da kashi 80 cikin ɗari, in kuma za a ajiye shi na dogon lokaci, a bar shi da rabin caji a wuri mai sanyi. Wanda ya kumbura kuwa a daina amfani da shi nan take, kada a huda shi, kada a jefa shi a juji inda ake cinna wa shara wuta.

Daga ƙarshe muna kira ga hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki da ta ƙara sa ido a kan batiran da ake shigowa da su, hukumar NESREA kuma ta haɗa kai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa a samar da wuraren karɓar matattun batira a manyan kasuwanni. Kafin nan, mai saye ya tuna cewa wanda ya sayi batirin jabu sau uku ya biya kuɗin na gaske, bai kuma more shi ba.