Gobara a tsakiyar kogi: Haɗarin da rigar ceto kaɗai ba za ta magance ba

Duk wanda ya tashi a Abbare da ke Jalingo, kamar ni, ya san cewa ko gidansu ba ya bakin ruwa, rayuwarsa na ɗaure da Kogin Binuwai. Kifin da muke ci daga can yake fitowa, 'yan'uwanmu na Lau da Karim Lamido kuwa ta ruwa suke zumunci da fatauci. Shi ya sa haɗarin kwale-kwalen da ya auku a watan Oktoban 2023, lokacin da jama'a ke komawa gida daga kasuwar Mayo Ranewo a Ƙaramar Hukumar Ardo Kola, ya girgiza kowa. Tun daga nan ake ta maganar rigar ceto, da hana lodin wuce kima, da hana tafiyar dare. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai haɗari guda da aka yi shiru a kansa, wato gobara.

A watan Agustan 2024, wani jirgin katako na 'yan kasuwa ya kama da wuta a yankin Kudancin Ijaw na Jihar Bayelsa, aka rasa rayuka kusan 20. A watan Afrilun 2025 kuma, jirgin HB Kongolo ya ƙone a Kogin Kwango kusa da birnin Mbandaka, fiye da mutum 100 suka mutu, kuma daga wurin girki wutar ta faro. Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Gobarar jirgi ta fi ta gida muni, domin babu inda za a gudu. Wuta a ciki, ruwa a waje: gaba kura, baya siyaki. Tururin fetur ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama, sai ya kwanta a gindin jirgi yana jiran tartsatsi ɗaya. Idan kuma wutar ta tashi, abin da hankali zai fara bai wa mutum shi ne ya ɗebo ruwa ya watsa, alhali fetur yana yawo ne a kan ruwa, sai wutar ta bi shi ta bazu.

A jiragen da injinsu ke cikin rufaffen ɗaki, an daɗe da samun maganin wannan. Ana girke tukunyar sinadari a ɗakin injin, bakinta a toshe da wata 'yar kwalba mai jin zafi. Da zarar zafi ya kai kimanin digiri 79 a ma'aunin Salshiyas, sai kwalbar ta fashe, sinadarin ya cika ɗakin cikin daƙiƙu kaɗan, ya kashe wutar ba tare da kowa ya taɓa komai ba. A da iskar halon ake amfani da ita, amma an yi watsi da ita a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illar da take yi wa sararin samaniya, aka koma ga irin su FM-200. Na'urar kirki takan kashe injin a lokaci guda, domin injin dizal da ke aiki zai zuƙe sinadarin ya fitar da shi ta salansa. Babban amfaninta shi ne ba sai matuƙi ya buɗe murfin ɗakin ba, wanda yin hakan ciyar da wuta ne da iska.

Na san abin da mai karatu zai ce: yawancin kwale-kwalenmu injin rataye ne a bayansu, babu wani ɗaki da za a cika da sinadari, kuma mai fito da ke fama da tsadar fetur ba shi da kuɗin irin wannan na'ura. Haka ne. Amma wannan hujja ce ta raba maganin gida biyu, ba ta naɗe hannu ba.

Na farko, duk jirgi mai rufaffen ɗakin inji, musamman masu ƙetarar da motoci da waɗanda gwamnati ke saya da kuɗin jama'a, kada a ba shi izinin aiki sai da wannan na'ura, kuma a riƙa duba ta duk shekara. Hukumar NIWA mai hedikwata a Lakwaja ita ke da hurumin rajistar jirage, Gwamnatin Taraba kuma za ta iya sanya sharaɗin a cikin takardar kwangila. Wanda ya iya sayen jirgi bai rasa kuɗin tukunya ɗaya ba.

Na biyu, ƙananan kwale-kwale su riƙe tukunyar kashe gobara ta hannu mai hodar sinadari, a inda hannun matuƙi zai kai. A daina jera jarkokin fetur a ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji, a daina ɗura mai inji na aiki, a hana girki da shan taba a cikin jirgi. Na taɓa ƙetare Binuwai ina zaune a kan jarka, warin fetur na hawa mini kai, ga wani bawan Allah a gefe yana laluben ashana. Ƙungiyoyin masu fito da sarakunan ruwa, waɗanda ke bakin mashigi kullum, sun fi kowane jami'i ikon hana irin wannan.

Rigar ceto tana amfani ne bayan an faɗa ruwa. Ya kamata mu damu da abin da ke tilasta wa uwa da goyo a baya ta yi tsalle cikin kogi. Kada mu jira sai mun ga hayaƙi a kan Binuwai kafin mu kafa kwamiti.