Jibiya da Amanar Wakilci

Tun daga watan Agusta na 2019, lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasar nan na tudu domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa, mutanen Jibiya suke ɗauke da nauyin hukunce-hukuncen da aka yanke a Abuja ba tare da an nemi shawararsu ba. A watan Nuwamba na 2019 hukumar kwastan ta hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Da aka buɗe iyakoki huɗu a Disambar 2020 ba a sa Jibiya a ciki ba, sai a Afrilun 2022. Kafin ciniki ya gama farfaɗowa kuma juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa aka sake datse hanyar Magama, bakin iyakar Jibiya, zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, har zuwa Maris na 2024.

Amma cikin wannan jarrabawa akwai izina ga mai hankali. Sa'ad da ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar kai yaƙi Nijar, malamai suka yi huɗuba, 'yan kasuwa suka koka, jama'a suka faɗa da murya ɗaya cewa Katsina da Maraɗi dangi ne, har sanatocin Arewa suka fito fili suka ƙi, Majalisar Dattawa kuma a farkon Agustan 2023 ta shawarci shugaban ƙasa da ya bi hanyar sulhu. Ra'ayinmu shi ne wakili yana jin jama'arsa muddin sun haɗa kai a kan magana ɗaya, suka kuma dage a kanta. Abin da ba ya ji shi ne gunaguni a tasha da bakin kasuwa.

Malaman fiƙihu sun bayyana cewa wanda aka wakilta yana aiki ne da izinin wanda ya wakilta shi, kuma mai hakki yana da ikon bin bahasi, har ma da tsigewa. Tsarin mulkin 1999 bai saɓa wa wannan ƙa'ida ba, domin sashe na 69 ya ba masu zaɓe ikon yi wa ɗan Majalisar Tarayya kiranye, sashe na 110 kuma ya ba su irin wannan iko a kan ɗan majalisar jiha, idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓar suka sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, aka yi ƙuri'ar raba gardama. Hanya ce mai wuya, kamar yadda yunƙurin kiranyen Sanata Dino Melaye ya nuna a 2018, saboda haka kamata ya yi a ajiye ta a matsayin makami na ƙarshe.

Kafin a kai can akwai ƙofofi masu sauƙin shiga. Majalisar Wakilai tana da kwamitin sauraron koke-koken jama'a, kuma ɗan majalisa mai wakiltar Jibiya da Kaita yana iya gabatar da takardar kokensu a zauren majalisa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukumomin tarayya, a amsa masa cikin kwana bakwai. Idan direbobi da 'yan dako da masu shaguna suka rubuta adadin shingayen da ke tsakanin Katsina da Magama, da abin da kowace mota take asara a hanya, suka miƙa wa wakilinsu a gaban dagatai da limamai, suka sa ranar da za su dawo jin amsa, to sun ba shi hujjar da zai tsaya da ita a gaban hukuma, sun kuma toshe masa ƙofar uzuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai wajibi ne mu faɗa wa jama'a gaskiya: wanda ya sayar da ƙuri'arsa da taliya ko sabulu, ko kuwa ya mayar da gidan wakili wurin roƙon kuɗin suna da na biki, ya raunana hakkin al'umma duka, domin bakin da ya roƙa ba ya iya tuhuma.

Yanzu da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi zai ratsa ta Jibiya, muna kira ga dattawan garin, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na matasa da na mata, su kafa zama na dindindin da wakilansu na jiha da na tarayya, su rubuta alkawari, su riƙa bin cikawarsa, su kuma yi hisabi da ƙuri'a ranar zaɓe.