Kibiyar da ke Komawa Baya

Makon jiya, a kan hanyata daga Kankia zuwa Kusada, na tsaya a wani ƙauye inda na tarar da tankin rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana ya cika yana ambaliya. Ruwa na ta kwarara tun hantsi har ya yi taɓo a gindin ƙarafan da ke ɗauke da tankin, famfo kuwa bai fasa turo wani ba. Mai kula da wurin ya tafi kasuwa. Wannan fa a yankin da yara ke jera jarkoki tun asuba idan bazara ta kama.

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne zanen akwatuna da injiniyoyi ke yi kafin su taɓa ko da ƙusa ɗaya. Kowane akwati yana wakiltar sashe guda na na'ura, kibiyoyi kuma na nuna abin da ke shiga da abin da ke fita. A zana rijiyar nan: akwatin farko makunni, na biyu famfo, na uku tanki. Kibiyoyin duka sun miƙe gaba, babu wadda ta juyo. Famfo bai san halin da tanki ke ciki ba, don haka ba shi da dalilin tsayawa.

Gyaran kibiya ɗaya ce tak, wadda za ta tashi daga tanki ta komo farkon zanen. A can akwai ɗan da'ira inda ake gwada tsayin ruwan da ake so da wanda aka samu. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne kuskure, shi ne kuma ke ba makunni umarni. A aikace, ɗan makunni ne mai iyo a saman ruwa: tanki ya cika ya kashe famfo, ruwa ya ja baya ya kunna.

Dabarar ta daɗe. 'Ya'yan Musa bin Shakir sun bayyana na'urori masu daidaita tsayin ruwa da kansu a Bagadaza tun ƙarni na 9. A 1788 James Watt ya sa wa injinsa mai aiki da tururi na'urar daidaita gudu, a 1868 kuma James Clerk Maxwell ya yi mata bayani da lissafi. Jikanyarta ce ke cikin janaretan mai cajin waya a bakin titin Kano zuwa Katsina, wadda makanikai ke kira gwamna. Idan kaya suka yi wa injin nauyi gudunsa ya ragu, sai gwamna ta ƙara mai, domin ƙaramin janareta ya tsaya kusa da juyi 3,000 a minti ɗaya.

Sai dai akwai sharaɗi. Idan labari ya iso a makare, ko gyaran ya wuce kima, injin zai riƙa ruri yana lafawa, wuta na hawa tana sauka har ta ƙona kayan mutane. Labarin da ya makara ɗan'uwan rashin labari ne.

A nan ne nake ganin darasin ya wuce ɗakin karatu. Yawancin ayyukan raya karkara da na gani, kibiyarsu gaba kawai ta sani: a ware kuɗi, a ba da kwangila, a yanke zare, a watse. Wa ke komawa bayan wata shida ya auna ko ruwa na zuwa? Wa mai unguwa zai gaya wa idan famfo ya tsaya, kuma kwana nawa saƙon zai yi a hanya? Rigakafi dai ya fi magani.

Ina kira ga ɗalibanmu na injiniyanci, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina, da kada su bar zanen nan a takardar jarrabawa. Idan kun zo hutu, ku zana rijiyar unguwarku, ku nemo inda kibiyar ta yanke, ku kai wa kwamitin ruwa. Su kuma shugabannin ƙananan hukumomin Kankia da Kusada, kada su karɓi aikin rijiya sai an nuna musu abu biyu: abin da zai kashe famfo idan tanki ya cika, da wanda zai kawo rahoto idan ya lalace.

Da na biyo ta ƙauyen da la'asar, ruwan bai daina zuba ba.