Alƙalamin Barno ma ya cancanci a yi masa layi

Wata fahimta ta zauna daram a zukatan 'yan bokonmu, har da wasu malamanmu, cewa zuwa gidan tarihi kallon aikin hannun gwanaye al'adar Turawa ce, mu ba mu da abin bajewa. Wannan kuskure ne, kuma yana jawo mana asara. A 2019, da Leonardo da Vinci ya cika shekara 500 da mutuwa, gidan tarihi na Louvre a Faris ya baje ayyukansa na tsawon wata huɗu, mutum fiye da miliyan ɗaya suka shiga kallo. Zanensa na fenti da suka rage a duniya ba su kai 20 ba, don haka yawancin abin da aka yi wa layi takardu ne da ya zana da alli ko alƙalami. Gidan sarautar Ingila yana ajiye da irinsu fiye da 500 a Windsor, kuma a 1994 Bill Gates ya sayi kundi guda na rubutun hannunsa a kan dala miliyan 30.8. Abin da ake girmamawa a nan shi ne hannun gwani a kan takarda, wannan kuwa Barno tana da shi tun ƙarnoni.

Sunan unguwar Fezzan a Maiduguri ma shaida ne. Ya samo asali daga yankin Fezzan na kudancin Libiya, inda ayarin fatake ke bi daga Tarabulus ta Murzuk da Bilma zuwa Kukawa. Cikin kayan da raƙuma ke kawowa har da takardar Italiya, musamman mai tambarin jinjirin wata uku, wadda masana'antar Galvani ta Pordenone ta yi suna da ita a ƙarni na 19. Takardar ƙasar su Leonardo ita ce alarammomin Barno suka rubuta Alƙur'ani a kai, sannan kwafin ya koma arewa a matsayin haja mai daraja. Bature matafiyi Dixon Denham, wanda ya iso Kukawa a 1823, ya ba da labarin yadda ake kai Alƙur'anan Barno kasuwannin Arewacin Afirka. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani, A.D.H. Bivar, ya ɗauki hotunan wasu tsofaffin kwafe masu ɗauke da bayani da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka, ɗaya daga cikinsu yana da tarihin 1669. Masana a Landan da Hamburg sun shafe shekaru suna nazarinsu, amma yaro a unguwar Fezzan ko Shehuri zai gama sakandare bai taɓa jin labarinsu ba.

Duk mai shakkar cewa wannan fasaha ce, ya tsura wa shafi guda na rubutun barnawi ido. Baƙaƙen masu kauri ne da kusurwa, an ja su da alƙalamin kara wanda aka fiƙe bakinsa a karkace, layuka sun miƙe sambal. Wasulla da jar tawada, hamza ɗigon rawaya, alamar wasali kore. A gefe, inda hizifi ko sumuni ya faɗo, ga da'ira mai zayyana, kowacce da nata salon. Goni ya haddace abin da yake rubutawa, ya san inda kowace kalma ta maimaitu, kuma tawada ba ta gogewa idan hannu ya kuskure. Mai zanen Turai yakan gwada layi sau da yawa kafin ya tsaida ɗaya, shi kuwa marubucinmu damar ja ɗaya yake da ita.

Masu adawa suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko, Alƙur'ani ba abin kallo ba ne, yana buƙatar tsarki. Gaskiya ne, sai dai shafin da ke cikin akwatin gilashi babu hannun da ke taɓa shi, kuma a Alƙahira da Istanbul an daɗe ana baje tsofaffin Mus'hafai cikin ladabi. Na biyu, wai gida ya fi tsaro. Ambaliyar dam ɗin Alau ta Satumban 2024, wadda ta shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday, ta amsa wannan. Gafaka tana kare ƙura, amma ba ta kare ruwa, gara ko gobara, ga kuma rabon gado da ke tarwatsa littattafai. Na uku, haske yana cin takarda. Shi ya sa a Venice ba safai ake fito da shahararren zanen Leonardo na mutum a cikin da'ira ba, sai na ɗan lokaci a haske mai rauni. Wannan ƙa'ida ce ta aiki, mu ma za mu iya bin ta.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce tsoron da iyalan malamai ke yi cewa abin da ya shiga hannun hukuma ba ya dawowa. Maganinsa aro ne na wa'adi a rubuce, da sunan gidan a jikin akwati, da Masarautar Shehu a matsayin mai lamuni. Masu cewa ɗaukar hoto a zuba a intanet ya wadatar kuwa, su tuna cewa zanen Leonardo yana intanet kyauta, duk da haka mutane suka sayi tikiti, domin kaurin tawada da girman shafi ba sa fitowa a fuskar waya. Masu ganin garin da ya sha rikici yana da buƙatun da suka fi wannan, su lura cewa marubutan suna raye, kuma Mus'hafin inji yana cinye musu kasuwa. Baje aikinsu talla ce ga sana'arsu.

Maiduguri tana da gidan tarihi, jami'arta tana da cibiyar nazarin hulɗar Sahara mai ajiye rubuce-rubucen hannu. Abin da ya rage shi ne su haɗa kai da tsangayu a ware wata guda kowace shekara, a baje tsoho da sabo, a rubuta sunan kowane Goni da na malaminsa, a kawo ɗaliban boko da almajirai rana ɗaya. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na wani taron bita a otal ba.